Shekarar da Gidanmu Ya Daina Surfe

Kafin ɗayanku ya riga ni, gara in faɗa da bakina: in akwai wawa a wannan babi, ni ne. Kuma ba ƙaramin wawa ba, wawa mai agogo a hannu da alƙalami a aljihun riga. Na san kun sha jin labarin nan gutsure-gutsure. Wasu sun ce muku aljanun dajin Bama ne suka biyo baffanku Hamidu har Bauchi. Wasu sun ce direbobi ne suka yi masa sammu saboda hassada. Wadda ta fi kowa sanin gaskiya kuwa, matarsa Adda Hajo, har ta koma ga Allah in kun tambaye ta sai ta yi dariya ta ce ku je ku tambayi likitan gidanmu, wato ni. To yau likitan zai yi magana. Ke Binta, da yake aikin asibiti kike yi, in na karkace a maganar magani ki gyara a zuciyarki, kada ki ɗauko jan biro ki ɓata mini takarda.

A shekarar da Turawa ke haɗa kayansu, mu huɗu ne manya a gida. Iyayenmu sun riga sun rasu. Akwai Goggo Dije, yayar mahaifinmu Malam Buba, wadda ta dawo gida bayan mutuwar mijinta ta karɓi mulki ba tare da an jefa ƙuri'a ba. Asalinmu mutanen shanu ne, kakanmu ne ya shigo cikin gari ya zauna. Shanun sun ƙare tun ban san kaina ba, amma kunyar da aka shigo da ita tare da su tana nan cif, ba ta yi ko rama ba, kuma Goggo ce makiyayiyarta. Sai Yaya Hamidu, wanda kowa ke kira Soja domin ya je yaƙin Bama yana saurayi, ya dawo ya kama tuƙin babbar mota tsakanin Bauchi da Jos. Sai Adda Hajo. Sai ni, Iro, masinja a ofishin En'e. Na yi elimantare, na leƙa midil, malamai suka duba suka ga gara in koma gida in huta. Abin da na samu na boko bai cika cokali ba, amma ina yawo da shi a ka kamar na ɗauko tulu.

Soja yana shan giya. Kun ga yadda na rubuta shi a sauƙaƙe? To a lokacin ba wanda ya isa ya furta kalmar nan a tsakar gidanmu. In ya shigo yana dafa bango, sai Goggo ta ce Soja ya gaji. In ya kwana bayan ganuwa, sai a ce hanya ce ta yi nisa. Gajiyar nan ta yi ta ƙaruwa har wata rana ya sauke motar mutane a cikin rami da tsakar rana, mai mota ya karɓe makullinsa. Daga nan abin ya zama safe da yamma. Abinci kuwa ya rabu da shi. Adda Hajo za ta kai masa akushi, ta dawo ta ɗauke shi yadda ta ajiye, sai dai ƙuda sun yi masa bismilla. Mutumin da a da yake ɗaga tayar babbar mota shi kaɗai, ya koma ƙafafunsa kamar karan dawa, yana cewa tafin ƙafarsa na yi masa zafi kamar ya taka garwashi.

Ni kuwa a ofis kullum maganar 'yanci ake yi. Akawuna suna ta cewa ƙasa za ta tsaya da ƙafarta, duhun kai ya ƙare. Ina sauraro ina kai takardu, har abin ya hau mini kai. Na ce ai ba zai yiwu ƙasa ta samu 'yanci a bar yayana cikin bauta ba. Ana tsakiyar damina, wata ranar Juma'a da safe, na shiga ɗakinsa yana barci. Na san inda yake ɓoye kayansa, cikin wata tsohuwar garwar kananzir a ƙarƙashin gado. Na kwashe kwalaben na tuttule su a kwata, na fito na ja ƙofa na datse da kwaɗo, na jefa makulli a aljihu. Sannan na tsaya a tsakar gida na yi jawabi, domin a zamanin nan ba a yin komai sai da jawabi.

"Daga yau an gama. Turawa za su tafi, abin da suka kawo ma ya bi su."

Adda Hajo tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba. Kun san akwai wasa tsakanin mace da ƙanin mijinta, ita kuwa ta riƙe wasan nan kamar sana'a.

"Sannu Gwamna," in ji ta. "Amma da ka bar masa ko kaɗan. Na ga yadda hannunsa yake yi da safe in bai samu ba."

Na ce mata ai wannan maganar mata ce, ilimi bai san da ita ba. Goggo ta rasa ɓangaren da za ta bi, domin in ta goyi bayana ta yarda ke nan akwai abin da aka zubar, in kuma ta hana ni ta goyi bayan abin da ba a faɗa. Sai ta shiga ɗaki ta ɗauki carbi.

Ranar farko Soja ya yi zagi, ya yi magiya, ya daki ƙofa. Na ce alamar nasara ce. Washegari ya yi shiru, gumi yana zubo masa, hannu yana rawa har ba ya iya riƙe moɗa. Na ce dafin ne yake fita. Bayan azahar muka ji wani ƙara kamar an yar da buhu. Ko da na buɗe ƙofa, sai ga Soja a ƙasa, jiki ya sandare, sannan ya kama jijjiga, ido ya juye, kumfa na fita ta baki. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba, kuma ba na fatan ku gani. Goggo tana salati tana cewa kada kowa ya taɓa yawunsa, farfaɗiya ce, ana ɗauka. Ni ina ƙoƙarin cusa masa cokali a baki, abin da Binta ta ce mini daga baya ba a yi ko kusa, a kwantar da mutum ta gefe kawai a kawar da abin da zai buge shi. Adda Hajo ce kaɗai ta yi abin hankali, ta ture ni ta sa cinyarta a ƙarƙashin kansa har abin ya lafa.

Daga nan gida ya rabu biyu, kowa ya buɗe asibitinsa. Goggo ta aika aka karɓo rubutu, ta turnuƙe ɗaki da hayaƙi har ɓeraye suka yi ƙaura. Soja kuwa yana nuna bango yana cewa ga macizai suna saukowa, ga sojojin Japan sun ɓuya a bayan randa. Wannan ya ƙara wa Goggo tabbacin cewa mutanen ɓoye ne. Ni kuma na tuna wani malaminmu na kiwon lafiya ya taɓa cewa sukari yana ba da ƙarfi nan take. Iyakar abin da na riƙe ke nan daga darasin, sauran ina jin barci nake yi. Saboda haka na kafa doka: ba tuwo, ba fura, ba wake, waɗannan abincin masu lafiya ne, suna da nauyi. Marar lafiya sai abincin Turawa. Na sayo kwalin sukari mai ƙwaya da farin burodi. Shayi nake haɗa masa, in zuba sukari har cokali ya kusa tsayawa da kansa, in tsoma burodi in ɗura masa. Safe shayi, rana shayi, yamma shayi. Ina yi ina jin kaina kamar babban likitan lardi.

Macizan suka tafi, na ce kun gani. Amma abin da ya biyo baya ya fi macizan ban tsoro, domin shi ba ya ihu. Idanun Soja suka kama rawa a cikin kwarminsu, ya ce yana ganin kowa bibbiyu. In an tsayar da shi sai ya buɗe ƙafafu yana tangaɗi kamar wanda ke tsaye a kan kwalekwale, alhali ko ɗigo bai sha ba. Sannan wata safiya ya dubi Adda Hajo, matar da suka shekara goma sha wani abu tare, ya gaishe ta da ladabi ya tambaye ta ko daga wane gida aka aiko ta. Ya juyo gare ni ya ce in je in gaya wa Baba an ɗaure jakin. Baba kuwa ya daɗe a kabari. Adda Hajo ta fita ta tsaya a bayan rumbu, ta daɗe a can. Da ta dawo ba wasa a muryarta.

"Iro, jikin nan ko ya lalace zan iya jinyarsa. Amma in hankalin ya tafi, wa zan yi wa jinyar? Ka nemo amalanke."

Muka tura shi zuwa asibiti cikin caɓi, Goggo tana biye da mu da lulluɓinta, tana gaya wa duk wanda muka gamu da shi cewa zazzaɓin damina ne. Likitan wani dogon Bature ne mai jan wuya. Akwai malamin asibiti da ke masa tafinta, amma ina zan bari a yi mini tafinta ina da midil? Na matsa gaba na gyara agogo. Likita ya haska idon Soja, ya buga masa gwiwa da ɗan guduma, ya tambaye shi sunansa da garin da yake da ranar da ake ciki. Soja ya ce muna Bama, kuma gobe za a ba su albashi. Sai likita ya juyo ya yi mini tambaya. Na gane ta sarai. Na dubi layin mutanen da ke bakin ƙofa, na ce "No sa" da ƙarfi, har da girgiza kai.

"Me ya tambaya?" in ji Goggo.

Malamin asibiti ya sassauta murya ya ce, "Iya, cewa ya yi ko yana shan giya."

"Yana sha," in ji Goggo. "Sha ma kuwa na gaske. Tun da ya dawo daga yaƙinsu yake sha. Gaya masa haka, ka ce su suka koya masa."

Na kusa faɗuwa. Matar da ta shekara da shekaru tana ce mana gajiya ce! Na raɗa mata cewa Goggo kin tona mana asiri.

"A gaban wa? Bature maƙwabcinmu ne? Zai zo suna gidanmu ne, ko zai nemi aure a danginmu? Ba kai ka ce ma tafiya za su yi ba? To ya tafi da shi."

Likita ya tambaya yaushe ya daina sha, kuma wa ya hana shi. Nan na samu abin da zan wanke kaina da shi. Na buga ƙirji na ce ni ne, rana ɗaya na yanke, ba sassauci. Ya tambaya me ake ba shi ya ci tun daga lokacin. Na ƙara buga ƙirji na lissafa masa shayi da sukari da burodi, ina jira ya miƙo mini hannu. Bai miƙo ba. Ya cire tabarau ya murza idanunsa, ya daɗe yana kallon rufin ɗaki kamar mai neman haƙuri a can. Sannan ya yi magana a hankali, ya ce wa malamin asibiti ya fassara da Hausa, kada a bar wa wannan saurayi.

Ga abin da na riƙe, kuma wannan karon ban yi barci ba. Ya ce jikin da ya daɗe yana shan giya ya saba da ita, in aka yanke masa rana ɗaya sai ya yi bore, kamar motar da ke gangara da kaya a taka mata birki gaba ɗaya. Jijjigar nan daga nan take, ba aljani ba ne, ba kuma farfaɗiyar gado ba ce, kuma tana iya kisa. Irin wannan rabuwa a gaban masu magani ake yin ta. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, ya ce akwai wani sinadari a cikin abinci, ɗaya daga cikin abin da suke kira bitamin, sunansa tayamin. Ƙwaƙwalwa ba ta aiki sai da shi. Mashayi ba ya cin abinci, ɗan abin da ya ci ma giya ba ta barin hanji ya tsotse tayamin ɗin da ke ciki, saboda haka rumbunsa ya kusa zama wayam. Sukari kuwa jiki ba ya iya sarrafa shi sai ya ƙona tayamin. Wato duk kofin shayin da na ɗura wa Soja, ɗan ragowar da ke riƙe da hankalinsa nake ƙonewa. Ni ina ganin ina zuba wa fitila mai, ashe lagwanin nake cinyewa.

Aka kwantar da shi. Magani iri biyu suka yi masa, kuma ina so ku bambanta su, domin har yau akwai 'yan uwanmu da ke cewa allurar tayamin ce ta tsayar da jijjiga. Ba ita ba ce. Na jijjiga daban ne, wani ruwa ne mai wari wanda in an ba mutum sai ɗakin duka ya ɗauka, shi ne ya kwantar masa da jiki ya sa shi barci. Tayamin aikinta tsare ƙwaƙwalwa, kada mutum ya tashi daga ciwon ya tarar ya bar kansa a baya. Binta ta ce yanzu an canza maganin jijjigar, mai warin nan ya zama tarihi, amma tayamin tana nan, kuma har gobe in an kawo irin su Soja da ita ake farawa, ba a sa musu ruwan sukari shi kaɗai. Ba a jima ana allurar ba idanunsa suka daina rawa. Tafiya ta fara dawowa kaɗan-kaɗan. Hankalin ne likita ya ce ba zai yi alkawari ba, wani yana dawowa duka, wani rabi, wani ba ya dawowa. Da za a sallame mu ya ce a riƙa kawo shi allura, sannan a gida a ba shi wake da gyaɗa da hanta in an samu. Ya ƙara da cewa mafi yawan tayamin ɗin hatsi a bayan ƙwayar yake, wurin da mata ke surfewa su zubar. A ba shi dusa.

Malamin asibiti ya fassara wannan yana kallon ƙasa. Goggo ta gyara lulluɓi ta fita ba sallama.

Ku 'yan yanzu da kuke sayen gari a leda ba za ku gane girman maganar nan ba. A gidan mutunci, hatsi sai an jiƙa shi an surfa a turmi, an bakace, an wanke, har ya fito fes, sannan a niƙa. Darajar mace a farin tuwonta take. Dusa ta awaki ce da jakuna, a gidanmu kuwa ta ragon Goggo ce, wani ƙaton rago da take kiwo tana masa magana kamar mutum. Marar lafiya kuma shi ake ba mafi laushi, mafi fari. Yanzu a ce a ɗauki abincin rago a kai wa magidanci, ɗan Malam Buba, a ƙwarya? Ni da na sha kunya a asibiti, sai na dawo gida na zama sarkin yaƙin dusa. Da bakin da na hana tuwo, da shi na koma wa'azin dusa, ba ko kunya. Na ɗebo ta da kaina daga gaban rago na dama da ruwan zafi na nufi ɗakin Soja. Goggo ta tare ƙofa da jikinta.

"Mayar wa mai ita."

"Goggo, likita ne ya ce."

"Da ka ce sukari, yanzu ka ce dusa. Gobe kuma me za ka ce, harawa? Ka kulle shi kamar ɓarawo, ka ɗura masa zaƙi kamar jariri, yanzu za ka ciyar da shi kamar jaki. Kai wai a makarantar nan me aka koya maka ban da wahalar da 'yan uwa?"

Na yi ta bayani da hannu da ƙafa, ina tayamin kaza, ƙwaƙwalwa kaza. Ta bar ni na gama. Sannan ta zauna a bakin ƙofar ta faɗi abin da ban taɓa ji daga bakinta ba. Ta ce tana yarinya an yi wata yunwa, shanu suka mutu, har suka kai ga cin dusa, dusar ma sai an roƙa. Ta ce da tuwon dusa a hannu ƙanwarta ta mutu. Ranar da aka samu hatsi, uwarsu ta rantse ba wanda zai ƙara cin dusa a zuriyarta.

"Ni na ji rantsuwar da kunnena, Iro. Giya shi ya jawo wa kansa. Dusa kuwa mu za mu ba shi da hannunmu."

Na juya na mayar wa rago kayansa. Kwana da kwanaki ana haka. Wake da gyaɗa suna shiga, dusa ba ta shiga, ni ina fushi, Goggo tana fushi, Soja yana zaune a tabarma yana tambaya ko an ɗaure jaki. Adda Hajo ce ta raba gardamar, kuma ba da jawabi ba. Wata rana da hantsi muka ga ta wanke dawa ta shanya, ta kai dutsen niƙa ba tare da ta bi ta turmi ba. Goggo ta tambaye ta ko ta manta da surfe ne.

"Ban manta ba, Goggo. Bayana ke ciwo. Kuma in ban surfa ba, ai babu dusa a gidan nan balle a ba wani. Hatsi ne kawai yadda Allah ya halicce shi. Kowa shi zai ci, har da Gwamna."

Goggo ta daɗe tana kallon dutsen niƙan. Ta san bayan Hajo lafiyarsa lau. Ta kuma san ba a ɗauki ƙwarya an kai wa kowa dusa ba, rantsuwar uwarta tana nan ba a taɓa ta ba. Sai ta ce Allah ya sawwaƙe ciwon baya, ta shige ɗaki.

Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. Tuwon nan baƙi ne, mai kaushi, in ka haɗiya sai ka ji yana gaisawa da maƙogwaro a hanya. Kuma a unguwarmu ana musayar kwanon tuwo tsakanin gidaje, ba yadda za ka ɓoye abin da ka tuƙa. Kafin mako ya zagayo, mata sun lura ba a jin surfe daga gidanmu, ga kuma shaida a kwano. Aka ce gidan Malam Buba sun talauce tun da Soja ya rasa mota. Wata ma ta aiko mana da kwanon surfaffen gero wai taimako, Goggo ta karɓa ta yi godiya, ta shiga ɗaki ta yi kuka. Ragonta ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, sai da muka riƙa roƙo masa dusa daga wajen danginmu na Miri. Ni kuma akwai gidan da nake zuwa zance a lokacin. Da labarin baƙin tuwo ya isa can, sai yarinyar ta fara yawan ciwon kai duk ranar da na je. Ba mahaifiyarku ba ce, kada ku je ku tayar mata da hankali. Ita mahaifiyarku da baƙin tuwon ta same ni, ta ce ta ji ta gani.

Soja bai koma yadda yake ba, wannan gaskiya ce. Bai ƙara tuƙa mota ba. Damina guda ta ɓace masa ɗungurungum, har ya rasu bai san an taɓa kulle shi ba sai abin da aka ba shi labari. Kun san shi yana ajiye hula ya manta, yana ba ku labari ɗaya sau uku kuna dariya a ɓoye. To wannan ɗan abin da ya rage ne, kuma ku gode wa Allah da kuka same shi yana sanin sunayenku. Giya kuwa bai koma mata ba. Wannan ba aikin allura ba ne, ba kuma aikin kwaɗona ba ne, tsakaninsa ne da Ubangijinsa da Adda Hajo.

Amma a lokacin ba mu san inda abin zai tsaya ba, kuma ni na ɗora wa kaina aikin aunawa. Na ga yadda likita yake masa tambayoyi, sai na kwafa. Kullum kafin in tafi ofis sai in tsuguna a gabansa in ɗaga yatsa. Yaya, yau wace rana ce? Wane gari muke? Wane ne ni? Da farko yakan ce ni wani kofur ne da suka yi zama a Bama. Daga baya ya daina amsawa gaba ɗaya, sai ya zuba mini ido kawai. Na gaya wa mutanen gida cewa a ilmance wannan mummunar alama ce. Adda Hajo ta ce a jahilce kuma alama ce ta mutum ya gaji da ganina.

Ranar da aka karɓi mulki daga hannun Turawa, gari ya cika da kiɗa, 'yan makaranta suna ta wucewa da 'yan tutoci. Na dawo daga fili da hantsi da abokan aikina guda biyu, akawuna na gaske masu takalmi sau-ciki, domin in nuna musu marar lafiyar da nake kula da shi a kimiyyance. Muka tarar da Soja a inuwar zaure yana cin ɗumamen baƙin tuwo, Goggo tana daga ciki kusa da ƙofa tana ɓarar gyaɗa. Na yi wa baƙi bayanin tayamin tun daga tushe, yadda in ka ji sai ka rantse ni na gano ta. Sannan na ce su matso su ga yadda ake gwaji. Na tsuguna, na ɗaga yatsa, na ɗaga murya kamar mai magana da kurma.

"Yaya! Dube ni da kyau. Wane ne ni?"

Ya gama tauna lomarsa. Ya suɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Ya dubi akawunan nan ya gaishe su, ya tambayi kowannensu mutanen gida. Sannan ya karkata kai wajen ƙofa.

"Goggo, in za a kai ni allura gobe, a tafi da Iro a yi masa guda biyu. Ni na daɗe da tuna ko wane ne ni. Shi kuwa yaron nan kullum gari ya waye sai ya zo yana tambayata ko shi wane ne."